Rigar Mai Lamba Tara

Zuwa ga Angona,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na wurin gadar nan, kuma wutar walda ba ta ƙarasa cinye maka idanu ba, don ni ba zan zauna da makahon miji ba, na gaya maka tun yanzu. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da halinta. Gwaggonka tana gaishe ka, Tela na ƙofar gida ma haka.

Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san karatun nawa na ajin manya ne, layi yana hawa yana gangarowa. Na kira wayarka sau uku, matar nan ta ciki tana ta ce mini ba a samunka. Shi ne na ce bari in ba direban da yake kai muku siminti takarda. Ya ce ƙarshen watan gobe za a ba ku hutu. Na yi murna. Wato na yi murna ƙwarai, kada ka ga kamar da wani abu.

Ranar nan ina sharar ɗakinka idona ya faɗa kan akwatin da ka bar mini ajiya, sai na tuna rigar nan taka ta ƙwallo, koriya, wadda ka ƙulle a leda biyu kamar maganin ɓera, ka ce ko aljani ya tambaye ni in ce ban san inda take ba. Shekara uku kana tsaye a bakin wayar shingen filin wasa da kwali a hannu, kana roƙon ƙaton namiji ya tuɓe maka rigar da ya jiƙa da zufa. Sau nawa na ce maka jikan mace irina bai kamata ya yi bara ba, in kuma baran ya zama dole a roƙi abin da za a ci? Ba ka samu ba sai ranar da marigayi babanka ya raka ka, ya buɗe muryar nan tasa da ake ji daga bakin titi, har Mai Lamba Tara ya juyo, ya tuɓe, ya sa hannu, ya miƙo. Ba na manta shigowarku. Babanka ya ɗora ta a kan kayansa, tumbi ya cika ta taf, yana rawa a tsakar gida, kai kana binsa kana magiya ya cire kafin ta yage. Sati biyu bayan nan aka kai shi asibiti. Allah ya ji ƙansa.

To, tambaya ce da ni, ta tsufa kawai. Wannan sa hannun, a ƙirji yake ko a kafaɗa? Baƙin alƙalami ne ko shuɗi? Shi kuma Mai Lamba Tara, ina ake samunsa in mutum yana son ya gaishe shi? Ba don komai ba. Riga tana nan a gida, ba ta je ko'ina ba.

Ka riƙa cin abinci, kada ka dawo mini kamar sandar guga.

Ni ce tsohuwar amaryarka,
Kaka

*

Zuwa ga jikana,

Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Ka ga yau ban ce Angona ba, don mai laifi ba ta wasa da miji.

Direba ya kawo mini amsarka. Ka ce sa hannun a ƙirji yake, ɓangaren hagu, sannan ka ja layi biyu a ƙarƙashin tambayar me ya sa nake tambaya. Tun kana goye ka iya kama ni.

Na wanke rigar. Ga shi na faɗa. Na jiƙa ta a bokiti da garin sabulu, na cuɗa ta cuɗar da nake yi wa zanen gado, na shanya. Da ta bushe na duba ƙirji, babu ko ɗigon baƙi, fes kamar yanzu ta fito daga shago. Hankalina ya tashi, sai na ce bari in goge ta ko ta yi kyan gani. Na ɗora dutsen guga a bayanta. Ashe lambar roba ce. Rabin taran ya biyo dutsen, har yau yana nan manne, Gwaggonka ta kankare da wuƙa ya ƙi fita.

Kwana biyu ban iya haɗa ido da ƙofar ɗakinka ba. Rana ta uku na je wurin Tela na gaya masa. Ya cire tabarau, ya yi salati, ya ce gara da na ƙona masa keken ɗinki. Na ce ya rubuta mini kwali irin wanda kake riƙewa. Ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa Mai Lamba Tara ya taimaki tsohuwa da rigarsa. Ya so ya raka ni na hana, don ban so wanda ya sanni ya ga abin da zan yi.

Ranar Asabar da la'asar ni ce a filin wasa. Ni, da gwiwar nan, na hau matakala ashirin da shida na sauko goma, har na samu bakin waya inda masu kwalaye suke. Samari ne zalla, kowa da nasa roƙon, wani har da zanen zuciya. Suka matsa mini, suna ta sannu Kaka, wani ya ba ni ruwa. Na ce a raina ashe 'ya'yan kirki ne.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne ƙungiyarku ta canza launi bana, fari suke sawa. Ni kuwa kore na sani. Da aka fito na ga masu koren kaya, na nemo mai tara a baya, wani siririn yaro mai askin banza, na kafa masa ido. Ana gab da tashi ya jefa ƙwallo a raga. Wajenmu ya yi tsit kamar an yi mutuwa, na ɗauka irin natsuwarku ce ta 'yan ƙwallo. Na ga dama ta samu tunda kowa ya yi shiru, na ɗaga kwali sama, na rangaɗa guɗa, ina kiran Mai Lamba Tara da iyakar muryata. Ka san daga wurin wa babanka ya gaji murya.

Jikana, mutum dubu nawa ne a filin nan ban sani ba, amma duk sun juyo. Wanda ya ba ni ruwa ya karɓe abinsa. Aka shiga yi mini ihu, ledojin ruwa suna sauka a kaina, wayoyi kuwa kamar na zama amarya. Da aka busa tashi, yaron nan ya taho a guje yana dariya, ya tuɓe rigarsa ya cilla mini, har da durƙusawa. Ɗan sanda ne ya fitar da ni ta ƙofar baya. A hanya yake gaya mini cewa wanda na yi wa guɗa shi ne ya fitar da ku daga gasar.

Yanzu ga ni da riga biyu: taka da na kashe, da ta abokan gabarku tana tsami a bayan ƙofa. Gwaggonka ta ce hotona yana yawo a waya, har mai kayan miya ya nuna mata. Na gwammace ka ji daga hannuna. Shekara uku ina yi maka dariyar bara, ga shi na yi, na kuma yi a ƙofar da ba ita ba.

Ka yi mini faɗa, na cancanta. Shiru ne kawai ba na so.

Kakarka

*

Zuwa ga jikana,

Ina gaishe ka, ina fatan jikinka lafiya. Sau biyu direba yana zuwa hannu wofi. Ya ce ya ba ka takardata, ka karanta a tsaye, ka ninke ka sa a aljihu, ka rufe fuskarka da gilashin walda. Ban ga laifinka ba.

Shekaranjiya da hantsi Tela ya yi sallama da baƙo. Wani dogon mutum ne yana ɗingishi, da furfura kaɗan a gemu. Ashe shi ne Mai Lamba Tara naka na gaskiya. Ya bar wasa tun bara, gwiwa ta ci shi kamar ni, yanzu yana koyar da 'yan wasa. Ya ga hotona a waya, ya yi ta tambaya har aka kawo shi. Na rasa inda zan sa kaina. Na shimfiɗa masa tabarma, na zauna ta gefe ina kallon ƙasa kamar wadda aka zo bikonta.

Na gaya masa komai. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce a shekara goma sha ɗaya da ya yi yana wasa ya ba da riguna ba iyaka, yawanci bai tuna fuskokin ba, amma yana tuna wani mai tumbi da ya yi ta kiransa yana nuna saurayin da ke gefensa, yana cewa ɗansa ne, shekara uku yana jira. Da na ce masa mai tumbin ya rasu, ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a.

Daga nan ya ciro alƙalami daga aljihu. Ya ce in kawo rigar ya sake sa hannu daidai wurin, Tela kuma ya ce yana da lambar roba irinta sak, zai manna, in aka ɗan murza ta a ƙasa ba mai ganewa. Ba zan ɓoye maka ba, abin da na so ke nan tun wasiƙar farko, shi ya sa na tambaye ka ƙirji ko kafaɗa. Na shiga na ɗauko ta. Ina riƙe da ita a bakin ƙofa, sai hannuna ya kai ta hancina da kansa, kamar yadda ya saba. Ƙamshin sabulu kawai na ji. Na ce su bar ta haka.

Ga abin da ban gaya maka ba, kuma ya fi guɗar filin wasa nauyi a wurina. Ba don tsami na wanke rigarka ba. Tun kafin ka tafi nake buɗe ledar nan. Kayan babanka duk an rabar, ko hula ban riƙe ba, don na nuna wa mutane ni mai tawakkali ce. Rigar nan kaɗai ta rage da ya sa ba a wanke ba. A wuyanta akwai turarensa, wanda nake ce masa na 'yan tasha. In Gwaggonka ta fita aiki sai in ɗauko in zauna da ita a bakin gadonka, in gama in ƙulle in mayar. Ranar da abin ya faru da kofin shayi a hannuna, na yi kuka har kofin ya kife a kanta. Tsoron kada ka gane ina taɓawa ya sa na nufi bokiti.

Ka ga ni da nake tsokanarka da shinshinar zufar ƙato, ni ce nake sata ina shinshina. Na ɓata abin da ya rage maka na ubanka don in rufe kunyata, na zo kuma ina shirin rufe wannan da ƙarya. Baƙon ya bar lambar wayarsa, ya ce in ka zo ka neme shi. Riga tana nan da rabin tara, yadda na mayar da ita.

Ban ce ka yafe yau ba.

Kakarka

*

Zuwa ga Angona,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso jiya, layi biyar, ka cika rowa. Na karanta sau bakwai, sannan na ba Tela ya karanta mini ko idona ne yake yi mini gata.

Wato ka sani. Ka ce kai ƙulli ɗaya kake yi wa leda, ni kuwa biyu da ɗan kunne, irin na ƙullin gishiri, kuma tun watan farko ka gani. Ka ce shi ya sa da za ka tafi ka bar ta a gida, alhali ta shiga jakarka. Ni ina ta sanɗa kamar kyanwa, ashe mai kayan ya bar mini ƙofa a buɗe. Wannan kunyar ta fi ta baya, ban san inda zan ajiye ta ba. Ka ce ka yi fushi sati biyu, kuma har yanzu da saura. Riƙe saurarka, haƙƙinka ne.

Hukuncin da ka yanke na karɓa. In ka zo zan sa rigar mai rabin tara a kan kayana in raka ka filin wasa, kuma ba zan buɗe baki ba sai ka taɓa ni. Amma ka tsaya kusa, ka nuna mini namu tun kafin a fara.

Batun rigar abokan gaba da ka ce in mayar tsumman goge ƙasa, a nan ne za mu saɓa. Kai shekara uku ka yi, sai da aka kawo maka ɗauki. Ni yini ɗaya na yi na samu tawa. Na sa ta a leda, na yi mata ƙulli biyu da ɗan kunne, na kai wa Tela ajiya, na ce ko na zo ina kuka kada ya ba ni, don na san halin hannuna da bokiti.

Ka taho da sabon dutsen guga. Gwaggonka ta goge farin mayafinta, yanzu tana yawo da rabin tara a kafaɗa.

Ni ce amaryarka mai laifi,
Kaka