Sifikar Hagu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara duka. Ya ƙafar taka? Allah ya sa ka daina taurin kan nan na ƙin shan magani. Mu nan lafiya lau, in ka cire abin da zan faɗa maka, wanda ya kai mini iya wuya.

Ka san tun da Baban yara ya yi ritaya daga kamfanin buga takardu ya rasa abin da zai yi da hannunsa. Da farko murna na yi, na ce mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa cikin rugugin injuna bari ya huta. Ashe ni ce hutuna zai ƙare. Watan jiya ya shiga sito ya jawo tsohuwar amfilifayar nan tasa ta ƙara sauti, mai kwalabe a ciki irin na rediyon da, wadda ya saya tun kafin aurenmu, mai nauyi kamar buhun siminti. Duk faɗin gidan nan bai ga inda zai dire ta ba sai kan teburin cin abinci.

Yaya, da ya kwance murfin sai da na fita waje na tofar da yawu. Ɓera ya yi gida a ciki, ya hayayyafa, ya mutu. Ga mushensa a bushe manne da wata waya, ga kashinsa, ga ƙwan kyankyasai jere a jikin ƙarfe kamar shuka su aka yi. Warin fitsarin kuwa har labule ya kama. Shi ko gogan naka ko a jikinsa. Ya sa yatsa biyu ya ɗago mushen ta wutsiya yana ce mini, "Kin ga, bai taɓa taransifoma ba, an yi sa'a." Da tawul ɗin da nake goge kofuna ya share cikinta. Na ƙone tawul ɗin.

Daga nan ya samo wani mai shagon tsofaffin kayan sauti a bayan tashar mota. Ni na raɗa masa suna Sarkin Kunne, don ba ya buɗe baki sai ya ce "kunnena ya gaya mini." Kunnen kuma da makullin mota yake sakace shi, a gabana, ya goge a hannun kujerata.

Tsakani da Allah, ranar da suka fara kunna ta, kwalaben suka yi ja kamar garwashi, aka ɗora faifai, sai da na ajiye wanke-wanke na zo na tsaya. Sautin da taushi, kamar mawaƙin a falon yake tsaye. Na ce to, an gama ke nan. Baban yara ya karkata kai ya ce a'a, a dushe yake, kamar an rufa masa bargo. Sarkin Kunne ya yi caraf ya ce, "Ni ma kunnena ya gaya mini."

Tun ranar ban sake ganin fuskar teburina ba. Hayaƙin dalmar liƙa waya muke shaƙa safe da yamma, guntayen waya har cikin kwanon sukari. Kai da ka yi rayuwarka kana gyaran rediyo, don Allah ka rubuto masa ka ce abin nan lafiyarsa lau, ya rufe. Maganarka yake ji, ni tawa ko waiwayowa ba ya yi.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, maganin kuma ina sha in Antinki na kallo.

Na karanta takardarki, na yi dariya har na ƙware. Allah ya jiƙan ɓera, ya mutu a wuri mai ɗumi.

Ki ƙyale bawan Allah. Wasu in sun ajiye aiki bakin titi suke komawa suna gulmar masu wucewa, naki yana gida yana ƙona yatsunsa. Duk wanda ya buɗe irin wannan akwatin sai ya ga abin canzawa, ni ma na yi wannan haukan. Ki shimfiɗa masa tsohuwar jarida, ki buɗe taga.

Abu ɗaya dai ba na wasa ba. A cikinta akwai wasu 'yan gwangwanaye, kafasita muke ce musu, suna riƙe wuta ko an zare soket, kuma wutar tana iya kashe mutum. Ki gaya masa na ce kada ya sa hannu sai ya sauke ta ya auna da mita. In yana da tambaya ya rubuto mini da kansa.

Ki gaishe shi.

Yayanki

*

Zuwa ga babban Yaya, Allah ya ƙara girma da lafiya.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci da gaisuwar ban girma, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya tare da iyali. Saƙonka ya iso, na gode. Ina sauke wutar kafin in taɓa, ba na sakaci.

Dalilin rubutowa shi ne neman shawara a kan aikin da nake yi. Ga inda aka kwana. Na canza manyan kafasitocin wuta, gurnanin da amfilifayar take yi ya tafi, wannan kam an ci nasara. Na canza ƙananan da ke tsakanin kwalabe, na sa waɗanda abokina mai shago ya ce babu kamarsu. Na cire tsofaffin wayoyin ciki na sa sababbi. Kwalaben asali ya gwada su a shagonsa ya ce sun gaji, ya kawo mini wasu, ya tafi da tsofaffin don ya zubar mini.

Duk da haka matsala biyu sun ƙi tafiya. Ta farko, siririn sauti ya ɓace. Akwai faifan da na sani kamar tafin hannuna, a cikinsa akwai wata 'yar ƙararrawa da ake kaɗawa a bayan mawaƙin, yanzu sam ba ta fitowa. Ta biyu, sifikar hagu ta fi ta dama rauni nesa ba kusa ba. Na murɗa mata ƙarfi har ƙarshe, da kyar take kamo 'yar'uwarta.

Abokin nawa ya ba da shawarar a cire wasu sassa da ke danne siririn sauti, a kuma ƙara wa kwalaben wuta. Mun fara, kuma na ɗan ji canji. Mene ne ra'ayinka?

Game da ƙanwarka, ba ƙararta nake kawowa ba, amma ta tsiro da wata ɗabi'a ta yin magana ƙasa-ƙasa, sannan ta ce ta faɗa mini abu ban amsa ba. Har yaran sun koya. In da hali ka yi mata nasiha.

Na bar ka lafiya.

Ƙaninka, mijin Auta

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, cikin takaici nake yin sa.

Jaridar da ka ce in shimfiɗa na shimfiɗa, ta kama wuta. Amma ba wannan ce maganar ba.

Tun da suka yi abin da suka kira ƙara wuta, sautin nan ya koma kamar ana goga wuƙa a faranti. Haƙorana har tsami suke. Maƙwabciyarmu ta aiko a tambaya ko injin niƙa muka saya. Babbar 'yarmu ta kawo mana jaririnta, ana kunnawa yaron ya ƙanƙame jiki ya tsala ihu, uwar ta saɓe shi suka koma gida ko ruwa ba ta sha ba. Kakan yana zaune ya lumshe ido yana cewa, "Yauwa, yanzu ta fara buɗewa."

Shekaranjiya da hantsi ɗaya daga cikin gwangwanayen nan ya fashe. Wani baƙin ruwa mai warin ruɓaɓɓen kifi ya fantsama a bango da rigarsa, ya sale masa bayan hannu. Sarkin Kunne na wurin. Ya ce ba komai, dama na wucin gadi ne, akwai wanda ya fi shi a shago, ya fita ƙofar gida wai zai kira a kawo.

Ni kuma na zagaya ta baya ɗebo ruwa in wanke ƙunar. Tagar kicin a buɗe take, shi yana jingine da katanga yana waya. Da kunnena na ji shi, Yaya, yana dariya har da tari. Cewa yake, "Tsohon ai kurma ne, bai sani ba. Ko gwangwanin madara ka liƙa masa zai ce ya ji canji. Kwalabensa na asali kuwa garau suke, irinsu ba a samu yanzu, na riga na yi musu mai saye."

Na tsaya da kofi a hannu. Mutumin nan ya ci abincina. Ya zauna a kujerata yana kiran mijina "Babana," yana kallon bakinsa don ya san lokacin da zai gyaɗa kai. Duk tsawon lokacin nan ya san abin da ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ban gane ba. Ni ina ta fushi wai yana share ni.

Na fita na same shi. Ban ɗaga murya ba. Na ce, "Malam, jakarka na falo, zan miƙo maka ta taga. Ƙafarka ta sake taka gidan nan, abin da zai biyo baya kai ka saya." Ya fara "Haba Mama," na ce ban haifi irinka ba. Da ya tafi na wanke kujerar da sabulu da ruwan zafi, na jefar da kofin da yake sha da shi.

Na ce wa Baban yara an kira mutumin nasa gida ne da gaggawa. Yana nan da bandeji a hannu yana jiran a kawo masa sabon gwangwani, yana leƙa ƙofa. Ka san halinsa. In na ce masa kunnensa ne, zai ce na haɗa kai da yara mu mai da shi tsoho. In na yi shiru, gobe da ƙafarsa zai koma shagon. Ka gaya mini yadda zan yi.

Auta

*

Auta,

Sallama. Wannan karon ban yi dariya ba.

Tun da na karanta takardar mijinki jikina ya ba ni, na tsaya neman yadda zan faɗa ne har taki ta riga ni. Shekarun da ya yi a gindin injuna ne suka biyo shi gida. Siririn sauti shi ke fara tafiya, mutum kuma ba ya sani, sai ya ga kamar duniya ce ta koma raɗa.

Shi kuma wancan, kada ki sake haɗa shi da masu sana'armu ko a baki. Na ga masu ha'inci iri-iri, amma wanda zai gane lalurar mutum ya mai da ita gonarsa, ya kuma ƙara wa akwati wutar da za ta iya tashin gida, wannan ƙazami ne. Tun ɗazu nake jin kamar in wanke hannuna.

Kada ki ce masa komai a kan kunne. Ga wata 'yar takarda na sa a ciki, ki ba shi. Na rubuta masa yadda zai canza kafasitar da ta fashe, ya mai da wutar yadda take. Sannan na ce ya yi gwajin da kowane mai gyara ke yi: ya musanya wayoyin sifikun, ta hagu ta koma dama. In raunin ya bi waya, laifin akwati ne. In bai bi ba, ya musanya sifikun da kansu. In har yanzu yana hagu, ya juya kujerarsa ya ba su baya ya saurara. Iyakar abin da na rubuta ke nan. Mutum ne mai hankali, ya fi kyau ya ji daga hannunsa da ya ji daga bakinmu.

Lokacin da zai yi, ki samu abin yi a kicin. Amma kada ki yi nisa.

Maganar kwalaben da aka sace kuma, in ya tambaya, ki faɗa masa duk abin da kika ji. Haƙƙinsa ne.

Allah ya ba ki haƙuri.

Yayanki

*

Yaya, Allah ya ƙara girma.

Bayan gaisuwa. Na yi gwajin yadda ka tsara. Na musanya wayoyi, na musanya sifiku, na juya kujera. Da na ba su baya, sifikar da nake zargi ta warke, ɗayar ta kamu. Na fahimta.

Ƙanwarka ta shigo ta ajiye mini shayi, ta zagayo ta damana ta zauna. Na tambaye ta ko ƙararrawar nan tana fitowa a faifan. Ta ce tun ranar farko take fitowa. Sauran labarin ma ta ba ni.

Jiya na je shagon neman kwalabena. Mai shagon ya ce ya zubar. Ina tsaye ya kau da fuska gefe ya faɗi wata magana, waɗanda ke zaune a benci suka kwashe da dariya. Ban ji abin da ya ce ba. Na dubi bakinsa, na dubi hannun da na sha gaisawa da shi, na fito. Har na iso gida ina tofar da yawu.

Akwatin na mai da shi yadda ka ce. Ita ce ke saurare yanzu, in ta ce ya yi sai in ɗaure kusoshi. Mako mai zuwa za ta raka ni wurin likitan kunne.

In za ka ba ni amsa, ka rubuto. Kada ka kira waya.

Ƙaninka