Daga Hannun Diedrich

Lahadi, 1 ga Maris, 1987

Ban je sujada ba. Kullutun da ke hammatata ya kai ƙwan kaza. Maigidana Isbrand ya ce mu ƙara addu'a. Muna ƙarawa.

Talata, 3 ga Maris

Wata bakwai ke nan da aka fitar da ƙanena Diedrich daga ikilisiya. Ya sa wa taraktarsa tayar roba, mu Kiristoci 'yan ɗariƙar Menonawa kuwa ta ƙarfe kawai aka yarda mana, don kada samari su riƙa zarya birni. Ba a cin abinci da shi, ba a karɓar komai daga hannunsa sai ya tuba.

Ni na ga tayoyin a bayan rumbunsa. Ni na faɗa wa Isbrand, na kuma san sarai zai kai wa shugabanmu, Ohm Bernhard. Na ce don ceton ransa na yi. Ƙarya. Haushi na ji da ya riga mu gama huɗa. Yaron da na riƙe a cinya lokacin ƙaurarmu, tun daga Meziko har Bolibiya.

Alhamis, 12 ga Maris

Ruwan sama kwana tara, motar haya ta daina shigowa, ga zazzaɓi. Diedrich ya tsaya a bakin shinge ya ce wa Isbrand, "Ko ka bari in kai ta asibiti, ko ka fara haɗa akwatin gawa." Ohm ya ce lalura ce, in hau tirelar taraktarsa a baya, amma in kiyaye hannuna da bakina.

Juma'a, 13 ga Maris

Asibitin birnin Santa Cruz. Ciwon daji ne. Ba na jin Sifaniyanci, Diedrich ne ya fassara mini. Isbrand, da ya rako mu, ya koma gida saboda yara da tatsar shanu.

Talata, 17 ga Maris

An yi aikin. Diedrich ya kawo burodin da matarsa ta gasa, ya ajiye a kan kujera, nas ta ɗauka ta miƙo mini. Haka muke yi da komai. Ya ce, "Yaya, wannan kujera ta fi ni gata."

Na tambaye shi ko ya san wanda ya kai ƙararsa. "Na ga sawu a bayan rumbu," in ji shi. "Wa ke tafiyar agwagwa a gidanmu in ba ke ba?" Ya ci gaba da ɓare mini lemo, ya ɗora a kujera. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Alhamis, 19 ga Maris

Ina tsoro. In na karya doka aka fitar da ni, babu cin jibin Ubangiji a majami'a, likita kuma bai yi mini alkawarin baɗi ba.

Asabar, 21 ga Maris

Ƙishirwa da rana, nas ba ta kusa, hannuna ya ƙi ɗaguwa. Ya zuba ruwa ya nufi kujera. Na ce, "Kai, kujerar ce za ta tallafe mini kai?" Ya tallafe ni ya shayar da ni da hannunsa, rabin ruwan a rigata ya ƙare.

Gobe Isbrand zai zo, zai tambaya, ba zan ɓoye ba. Tun ɗazu nake laluben nadama a zuciyata don in roƙi gafara. Na samu, amma ba ta ruwan ba ce.