Ku Bari Likitoci Su Buɗe Kaina

Ni Uelese Sauvao, na ƙauyen Vailoatai a tsibirin Tutuila, ni nake rubuta wannan da hannuna, kuma da hankalina a jikina. Mareko, na san za ka taɓe baki in ka zo nan. To, likita ta gwada ni ranar Talata ta sa hannu, fasto ma shaida ne. Hankalin nawa na safe ne, kafin rana ta take ya fara yoyo, shi ya sa na kwana tara ina rubutun nan kaɗan-kaɗan.

Zuwa gare ku ku uku: Mareko babba, Fuatino, da autana Sefa, wanda yake can yana buga ƙwallon Amurka a babbar gasa, a layin gaba inda ake gwara kai, gurbin da na tsaya shekara goma sha ɗaya. An ce zuciyata ta kumbura, ba za ta kai ni baɗi ba. Ban yi baƙin ciki ba. Shekarata hamsin da takwas, kuma na gaji, gajiya irin wadda barci ba ya saukewa.

Na ɗaya. Fili na dangi ne, ba ni da hurumin raba shi. Gidan na Fuatino ne, ita ta baro aikinta na jinya a Honolulu ta dawo tana ɗaga ƙaton mutum irina daga kujera zuwa banɗaki. Mareko ya ɗauki mota da kwale-kwale. Rigunan wasana ku raba wa jikoki su riƙa kwana da su. Hular kwanon wasan nan tawa kuwa da shugaban makaranta yake ta roƙo zai sa a gilashi yara su riƙa gani, ban yarda ba. Fuatino, ki cika ta da ƙasa ki shuka barkono.

Na biyu. Ku binne ni a ƙofar gida kusa da mahaifiyarku Leuila. Kada a yi gasar kawo tabarmi da katan-katan na kifin gwangwani don ƙauye ya ce an yi. Wanda ya zo a ba shi gwaza da kifi ya ci ya tafi. Kada kuma wani ya ɗaga waya ya kira Sefa ya ce bikin mutuwar ubansa yana wuyansa.

Na uku, kuma shi ne mai nauyin. Kafin ku sa ni a ƙasa, ku bari likitoci su cire ƙwaƙwalwata su aika wa masu binciken ciwon kan 'yan wasa. Na sa hannu a takardar, tana cikin Littafi Mai Tsarki na uwarku, lambar wayar tana wurin Fuatino. Abin ba ya jira, ranar da na cika ranar za a kira su. Sun ce ciwon ba ya nuna kansa sosai sai mutum ya mutu an duba.

Gwaggonku Tausala za ta tada ƙura. Da na gaya mata, cewa ta yi, "Kan ƙanena ba kwakwa ba ne da za a fasa! Da wane ido zan dubi iyayenmu in ka je musu da rabin kai?" Na ce mata, "Yaya, ai tun tuni aka fasa shi, kina tafi kina rawa a gaban talabijin." Ta yi kwana uku ba ta zo ba. Ku ba ta girmanta, ku zaunar da ita a gaba, ku bar ta ta yi kukanta, amma kada ku bi maganarta a wannan.

Ga dalilina. A zamaninmu in an buga maka kai ka ga wuta, mai kula da mu zai zo da gudu ya shaƙa maka wani abu mai yaji a hanci, ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne. Kullum biyu yake ɗagawa, kowa ya sani, shi ma ya san mun sani. Ka ce biyu, ya buga maka duwawu, ka koma fili. Akwai wasan da na buga har aka tashi, aka ba ni kyautar gwarzo, ban san garin da muke ba sai da na tambayi direban bas. Muka yi ta dariya. Gwiwoyina biyu ƙarfe ne, kafaɗata an ɗinke ta sau uku, yatsuna ba sa riƙe cokali da kyau, duk wannan ban taɓa ƙorafi ba, ciniki ne na yi da idona buɗe. Kan ne ban san na sayar ba.

Kun tuna Lahadin da na kife tebur bayan an taso coci, na kira uwarku ɓarauniya a gaban baƙi saboda makullin mota, alhali yana aljihuna. Ni ban tuna ba, Fuatino ce ta ba ni labari bayan shekara biyu. Leuila ta mutu tana cewa, "Ba shi ba ne, ku ƙyale shi." Ina so a duba a gani ko gaskiya ta faɗa. In ciwo ne, ku sani. In kuma an buɗe an tarar da kan nawa lafiya lau, to halina ne, ku yafe mini a haka.

Na huɗu. Mareko da Fuatino, gabar nan ta isa. Wata bakwai ke nan ba ku ci a kwano ɗaya ba, tun Kirsimeti da Sefa ya zo gida yana sa baƙin tabarau a cikin ɗaki, yana fita bayan gida yana amai. Fuatino ta ce a gaya wa likitan ƙungiyarsa. Kai kuma Mareko ka ce mata, "Ke dai baƙin ciki kike yi, so kike ki toshe rijiyar da dangi ke sha." Ina zaune a wurin ban tsawata maka ba, don a raina ina bayanka. Mun yi kuskure mu biyun. Ka je ka same ta a kicin ka ba ta haƙuri, ba sai ka tsara jawabi ba. Ke ma ki rage kaifin bakin nan, yayanki ne, kuma tsoro ne ya sa shi faɗin haka. Rufin coci da kuɗin makarantar yara za su samu wata hanyar, ƙauyen nan ya rayu kafin a haifi Sefa.

Na biyar. Sefa, wannan naka ne, ka karanta shi kai kaɗai kafin a karanta a taro.

Yanzu an ce an ci gaba, ana yi muku gwajin ƙwaƙwalwa kafin a fara kakar wasa, a ajiye, in an buge ka a sake gwadawa a kwatanta. Shekarar da ƙungiya ta ɗauke ka, ni na ja ka gefe a bakin teku na ce, "In za su yi maka gwajin farko, ka yi kamar daƙiƙi. Ka jinkirta amsa, ka manta kalma biyu da gangan. Ran da aka kwankwatsa maka kai, za su ga daidai kake da da, ba mai zaunar da kai a benci." Ka yi dariya ka ce, "Baba, kai tsohon ɗan duniya ne." Na ji daɗi ranar har da buga ƙirji, ina ganin gadon da ya fi kowane na ba ka. Shekara shida ke nan kana cin gwajin nan, kuma ni na san sau nawa ka ci shi kana ganin mutum ɗaya biyu.

Na cuce ka, ɗana. Ba koci ba ne, ba ƙungiya ba ce, ni ne.

Ka je wurin likitan ka ce masa gwajin farko na ƙarya ne, ubanka ya koya maka, ka ba shi sunana, ba abin da zai same ni. Ka gaya masa maganar aman da hasken da ke sukar idonka. Na ji an kawo maka sabuwar kwantiragi ta shekara uku. Kada ka sa hannu sai ka yi wannan. In sakamakon kaina ya iso kafin nan, kai za ka buɗe ambulan, ka karanta wa 'yan'uwanka da bakinka, gani ya kori ji. Da na so in rubuta cewa ban ce ka bar wasa ba, zaɓi naka ne. Ƙarya ne, ina so ka bari. Za su ce ka ji tsoro, samarin ƙauye za su yi maka waƙa, wata biyu ne su manta su koma kan wani.

Watan jiya matarka ta kawo mini jaririyarku. An ɗora mini ita a cinya da yamma, na yi ta kallonta, yarinya kyakkyawa, sai na juya na tambayi Fuatino 'yar waye wannan, me ya sa aka bar ta a gidanmu. Matarka ta fita waje don kada in ga hawayenta, amma na gani. Da safe ya dawo mini: Penina, 'yar Sefa. Ina so ranar da Penina za ta ɗora maka nata ɗan a cinya ka san ko wane ne, ba sai an gaya maka ba. Iyakar abin da nake roƙo ke nan.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Ku riƙa haɗuwa ranar Lahadi a gidan nan ko da kuna fushi da juna, ku ci abinci tare. In Sefa ya dawo gida hannu wofi, ba ƙungiya ba suna, Mareko kai za ka je filin jirgi ka ɗauko shi, ka riƙe masa jaka, kuma kada in ji wani ya tambaye shi me ya sa.

Ubanku,
Uelese Sauvao