Inna, Ɗiyarki Ta Aike Ni Ranar Lahadi

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau da kyau, ina roƙon Allah ya sa kina kwance cikin ni'ima. Na sani ba za ki karanta wannan takarda ba. To ko da kina da rai ma ai ba karantawa za ki yi ba, cewa za ki yi in karanto miki, ki dinga tsayar da ni kina tambayar wa ya koya mini tsawon zance haka. Shi ya sa nake rubutawa a hankali, kamar kina zaune bakin ɗakinki kina tsintar zogala, ni kuma ina gefen tabarma.

Ina Tawa, gidan ɗiyarki. Bayan sadakar arba'in ɗinki aka ba mu hutun lakwal, aka rufe makaranta, Kawu Idi ya sa ni mota daga garinmu Afala ya ce in zo in yi hutu wajen uwata, kafin a koma karatu a san inda zan zauna. Tun ranar maganar nan take yawo a kaina. Ban taɓa tunanin za a zauna a yi shawarar inda zan zauna ba. Ni dai na san ɗakinki.

Ga labarin gida. Ruwa ya sauka sosai bana, an ce hatsin gonarki ta tudu ya wuce ƙugun mutum. Akuyarki mai farin kunne ta haihu, kuma har yanzu tana shiga gidan maƙwabta ta yi ɓarna, ba wanda zai fita ya ba da haƙuri da irin bakinki. Baba yana Abijan, ya ce sai bayan girbi in Allah ya yarda. Ƙannena biyu lafiyarsu lau, sai ƙiriniya. Suna kallona kamar baƙuwa, ƙaramar ma ta tambaye ni yaushe zan koma gidanmu.

Inna, ban san da wane suna zan kira ɗiyarki ba. Ke ce Inna tun da na buɗe baki. Ita kuma Tanti nake ce mata in ta zo Afala da salla, kamar yadda ƴaƴan Kawu suke cewa. Nan ƙannena Mama suke ce mata. In na ce Tanti sai su yi dariya, in na ɗauko Mama sai ta maƙale mini a maƙogwaro. Sai dai in matso kusa in tsaya har ta lura da ni.

Amma kin san wace irin mata kika haifa kuwa? Ni ban sani ba sai bana. Matar nan ba ta zama. Kafin rana ta fito ta dafa soɓo ta tace, mun ƙulla a leda mun jera a firigo tare da ƙanƙarar sayarwa. In an ɗauke wuta sai ta tsaya ta riƙe ƙugu tana yi wa firigon magana kamar yaro marar ji, har da ce masa ya yi wa Allah ya riƙe sanyinsa. Daga nan koko, daga nan wankan yara, daga nan ta yafa mayafi ta ɗauki jaka. Tun makon farko na fara binta ina riƙe mata kaya. Ba ta ce in zo ba, ba ta kuma ce in koma ba.

Akwai wata tsohuwa a bayan layinmu, Iya Ta'allah, mai ɗinkin faci. Hannunta na aiki amma idonta ba ya ganin kafar allura. Kullum da safe ɗiyarki sai ta ratsa ta wajenta, ta tsuguna ta zura mata zare a allurai da yawa, fari da baƙi da ja, ta soke su a jikin wani tsumma yadda za su ishe ta har yamma. Tsohuwar kuwa maimakon godiya sai tsiya, wai Habsu zarenki gajere ne kamar haƙurinki. Ita kuma ta ce ai kuwa gobe sai ta zuro mata igiyar guga. Su yi ta dariya. Ke kika koya mata wannan? Ko akwai wata tsohuwa a Afala da take yi wa haka tun tana yarinya?

In muka shiga kasuwa kowa ya san ta. Akwai wata mai cuku da ke zuwa daga wajen Barmu, Hausarta kaɗan ce, a zauren gidanmu take ajiye kayanta in ta rasa mota. Na ji ɗiyarki tana yi mata ƴan kalmomin Tamashek, harshen Buzaye, matar tana rufe baki tana dariya, da alama ba daidai take faɗa ba. A ina ta koya? Akwai maganin wani maƙwabci da ba ya son zafi, yana cikin firigonmu tsakanin ledojin soɓo. Duk kuma wanda aka kawo gidan likita daga Afala ko ƙauyukan gefenta, ko ba ta san shi ba, in dai labari ya iso mata, to kwanon tuwonsa yana cikin tukunyarmu. Jiya wata yarinya ta wuce da tallan gyaɗa kallabinta ya kwance, tana cikin magana da wani ta miƙa hannu ta ɗaure mata, ko kallonta ba ta yi ba, ta ci gaba da maganarta.

Duk garin nan tana da bakin yi musu magana, Inna. Ban da ni.

Ni ba ta kiran sunana. In tana so in yi abu sai ta faɗa wa iska: a ɗauko bokiti, a duba wutar nan. In mata suka tambaye ta wace ce wannan, sai ta ce ta Inna ce, ta kawar da zancen. Ba ta zuba mini abinci da hannunta, ƙanwata take ba ta miƙo mini. Na san dalili, ba sai kin harare ni ba. Ni ce ta fari, kunya ce. Ke ma ban taɓa jin sunan Kawu Idi a bakinki ba, mai gona kike cewa, alhali duk gidan an san wa kike ɓoye wa dunƙulen hura mai kyau. To amma shi Kawu a gabanki ya tashi, ya san hannunki. Ni an kawo ni wajenki tun daga yaye. Ta yaya zan gane kunya ce, ko kuwa kawai ta saba da rashina?

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Duk sallar da ta zo Afala, in na ruga bayan rumbu na ɓoye kina ce mini baƙauya, ba gudunta nake ba. Leƙenta nake ta tsakanin karan darni. Ina so in ga ko za ta waiga ta neme ni da ido. Wani lokaci sai in ga kamar ta waiga, wani lokaci in ce kaji take kallo. Na so in tambaye ki ko ta yi kuka ranar da aka ɗauko ni, amma na ji tsoron kar ki ga kamar ba ki ishe ni ba. Kin ishe ni, Inna, wallahi kin ishe ni. Son sani ne kawai. Ga shi na bar tambayar har kin tafi da amsarta.

Littattafan nan nawa da kike cewa za su cinye mini ido, a cikinsu ba a wahala haka. Uwa ta ga ɗiyarta a tasha sai ta rungume ta, hawaye na zuba, ta ce mata hasken idona. Kowa abin da ke zuciyarsa yana bakinsa, in bai faɗa ba ma marubuciyar za ta faɗa maka. Ranar da na sauka a tashar Tawa na ɗan tsaya ina jira. Ɗiyarki ta karɓi jakata ta aza a ka, ta tambayi direba lafiyar hanya, ta yi gaba. Na bi bayanta ina kallon dugaduganta. Irin naki ne, har tsagar.

Makon jiya Kawu ya aiko da saƙon murya. Ya ce matarsa ta kusa haihuwa, ɗakinki ba kowa, kolej ɗina ma yana can, yarinya kuma ta saba da Afala, ranar Lahadi in ya ci kasuwa zai wuce da ni. Ban ga laifinsa ba, Kawu yana sona. Ina tsakar gida ina wanke leda aka kunna saƙon. Na kasa kunne. Ɗiyarki ta danna wayar ta ce to Yaya, duk yadda kuka gani daidai ne. Ta ajiye, ta ce a duba ko ruwa ya zo a pampo. Shi ke nan. Na sani ba za ta iya buɗe baki gaban yayanta ta ce a bar mata ɗiyar fari ba, abin faɗa ne har jikoki. Amma ko ɗan jinkiri ai ya kamata ta yi kafin ta amsa.

Na haɗa kayana tun ranar Asabar.

Lahadi Kawu ya biyo da hantsi, ya sha ruwa, ya ce motar Afala bayan la'asar take tashi, in shirya zai dawo ya ɗauke ni. Da aka yi azahar ina zaune da mayafina a kafaɗa, sai na ji an ce wa iska a kai tuwon nan gidan likita, wajen matar da aka kawo daga ƙauye da ciwon ƙafa. Aka ƙara da cewa a tsaya a taho da kwanon, kar a dawo babu shi. Abin ya ba ni mamaki, don kwanoninta kwana suke a can, wani ma sai an sallami mai ciwo yake dawowa. Na kai bakin ƙofa aka ce in an fito a biya wajen tela a karɓo rigar ƙanwata, in bai gama ba a jira shi. Na ɗaga ido na dubi gabas, hadari ya fara haɗowa. Na so in ce Kawu fa? Kin san ni. Na ɗauki kwano na fita.

Matar nan ta gidan likita, Allah ya ba ta lafiya, ban taɓa ganin mai cin tuwo a hankali irinta ba. Kowace loma sai ta ba ni labarin wata jikarta. Da ta ji ni jikarki ce sai ta ajiye cin ma gaba ɗaya ta hau yi miki addu'a. Tela kuwa ko yanka rigar bai yi ba, ya ce ai shi sai sati mai zuwa suka yi da Habsu, amma tun da na zo in zauna. Ina zaune ruwa ya kece. Na ji kiran la'asar a shagonsa, ina rungume da kwano, ina kallon ruwa yana gudu a titi da ledoji. Ban san ko murna nake ko tsoro ba. 

Da na iso gida motar Afala ta daɗe da tafiya. Ƙanwata ta ce Kawu ya zo ya yi ta duba agogo, Mama kuma ta yi ta ba shi haƙuri, wai yaran yanzu in an aike su sai sun ga dama. Ni, Inna! Ya tafi yana cewa sai Lahadi mai zuwa.

Na shiga ɗaki na tarar da jakata wayam. Na fito na duba rumfa. Kayana ne gaba ɗaya a kan igiya, an wanke su, har waɗanda na wanke na goge shekaranjiya, suna ɗigar ruwa. Wa ke wanki da rana tsaka hadari na bisa kai? Littattafaina kuwa na same su cikin babbar kwallarta ta aure, an rufe da murfi, don ɗakinmu yana yoyo ta kusurwa. Ita tana bakin murhu tana hura wuta, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja. Ta ce wa iska kayan nan ƙurar Afala ce a jikinsu, ba a shiga mota da su haka. Ba ta dube ni ba. Ni ma ban dube ta ba. Na tsuguna na karɓi mahucin daga hannunta, ta sakar mini.

To ke da kika haife ta, gaya mini, da gangan ta yi? Ni na ce da gangan ne. Na juya abin ta kowace fuska, ban ga wata hanyar ba. Kuma na gane iyakar abin da za ta iya ke nan. Ba za ta wanke kayana kowace Lahadi ba, Kawu ba yaro ba ne. Da kina nan ke za ki yanke maganar da kalma guda daga kan tabarmarki. Yanzu ba mai faɗa sai ni, ni da ko a aji in malam ya kira sunana sai muryata ta gudu.

Zan faɗa masa. Na yi ta gwadawa a bayan ɗaki: Kawu, ina so in yi karatuna a Tawa. Gajeruwar magana ce, amma in na zo tsakiya sai in tuna ɗakinki. In na zauna nan, wani ne zai share shi, ko a zuba buhunan hatsi a ciki, ƙamshin turarenki ya fita ban sani ba. Wannan ne ya sa na ɗauko takarda. Ba gudunki nake ba, Inna. Kin riƙe ni har na girma, ba abin da na nema na rasa. Ina so ne in san matar nan da kika haifa, in ga inda take zuwa, in ji abin da ke sa ta dariya, tun ina da sauran lokaci a gabanta. Ki yi mini izini.

Kayan har yanzu ba su bushe ba, rana ta ƙi fitowa. Zanenta nake ɗaure da shi ina rubuta miki, ya yi mini tsawo sai da na naɗe.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya sada mu da alheri. Ki huta lafiya.

Taki har kullum,
Salamatu, ta Inna, daga Tawa