Sun Manna Kawuna A Bango, Sun Bar Shi A Hanyar Safana

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin Alhamis, don raina a ɓace yake, ina tsoron abin da bakina zai jawo mini.

Ni 'yar Batsari ce, ina aikin rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani a Katsina. Mun yi manhajar waya da ke gaya wa mutanen ƙauyukanmu halin da hanya ke ciki saboda ɓarayin daji, kore lafiya lau, ja kar a bi. Yadda muke aiki, duk sati biyu mu zauna mu zaɓi abin da za mu gina, kowane aiki a rubuta shi a kati a manna a allo, wanda bai samu shiga ba a tura shi layin jira. Kuma akan ƙirƙiro mutum na misali a ba shi suna, don a riƙa tuna wa ake yi wa aikin. Da aka zo kan makafi sai na ce me za mu ƙirƙira, ga kawuna nan, tsohon malamin firamare daga Yasore, ciwon ido ya makantar da shi, rashin tsaro ya maido shi Batsari, kuma yana da waya mai karanta masa saƙo da murya. Oganmu ya ji daɗi, aka ɗauko hoton Kawu aka manna a bango, aka rubuta kati da sunansa cewa yana so ya ji halin hanya da kunnensa.

Wallahi katin nan har ya koɗe. Duk zama sai na ɗaga shi, duk zama sai a ce muhimmi ne amma a bari sai zagaye na gaba. An canza launin tambari, an yi wa masu ba mu tallafi shafi na musamman, amma a saka rubutu a bayan ja da kore yadda waya za ta iya furtawa, wai babu lokaci. Na ce zan yi a gida da datata, Oga ya ce ba a taɓa abin da ƙungiya ba ta zaɓa ba, tsari ne. Kowace safiya mu tsaya a da'ira kowa na faɗin abin da ya yi jiya, hoton Kawu na kallonmu.

Watan jiya Kawu ya tashi zuwa ta'aziyya Safana. Wayarsa ta yi ƙara, ya taɓa, abin da kawai ta ce masa shi ne "hoto", don ba ta iya furta launi. Ya hau acaɓa suka tafi. A hanya suka ci karo da mutane a guje, ɗan acaɓan ya juya a firgice suka faɗa rami, hannun Kawu ya karye. Allah Ya tsare, ba su kai wurin da ɓarayin suke ba. Da na duba wayar, saƙon ja ne, ya iso tun kafin ya saka takalmi.

Na koma ofis na zazzage musu, ban bar kowa ba. Oga ya ce a yi wa Kawu sannu, ya ce in daina sa son rai a aiki, ya matsar da katin sama kaɗan. Kaɗan fa! Sai ga shi jiya ya kira ni yana fara'a, wai ranar Alhamis masu tallafi za su zo, in kawo Kawu ya nuna musu yadda makaho ke amfani da manhajar. Za a ba shi wayar ofis, an gyara shafi ɗaya tak da ke magana, a nan za a tsayar da shi. Ya kuma tuna mini cewa in tallafin bai ci gaba ba dukkanmu gida za mu koma, kuma ya san halin da ake ciki, ya san ni ke ciyar da gidanmu har da Kawun.

Abin da ke ci mini rai, Kawu bai san saƙon gargaɗi ne ya zo masa ba, na kasa gaya masa. Duk majalisar bakin kasuwa ta san 'yarsa na yi wa makafi abu a Katsina. Da ya ji gayyatar ya sa an wanke babbar rigarsa an goge, ga hannu a ɗaure. Ɗazu ya kira ni ya ce, "Uwata, in taho da wayata ko? Ita hannuna ya saba da ita."

Na ce masa zan kira shi anjima. In ya taho da tasa, a gaban baƙin za ta ce masa hoto, kowa ya ji da kunnensa, ni kuma aikina ya ƙare. In na ce ya bar ta, na ɗauki tsohon nan da karyayyen hannu na kai shi ya yi musu shaidar ƙarya bai sani ba.

Jama'a, yana nan yana jiran kirana. Me zan ce masa?