Alamun da Kunka Kwashe a Maƙabartar Gabas

Zuwa ga Shugaba da sauran jagororin ƙungiyar matasa masu aikin gayya ta garin Sabon Birni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku da dukkan yaranku masu koriyar riga, ina roƙon ku daure ku karanta wagga takarda har ƙarshe. Sunana Hamisu Bawa, mai facin taya a bakin tashar motocin garin Isa. Asalinmu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Tsamaye, muna cikin waɗanda rashin zaman lafiya ya koro zuwa cikin gari.

Ranar Lahadin da kunka yi gayyar maƙabartar gabas, na biyo ta nan da hantsi za ni wurin aiki. Na iske ƙofa a buɗe, yaranku sun cika wurin, wasu da manjagara, wasu da shebur, wasu na tura baro. Ba hayaniya, ba dariya, kowa ya san inda yake tsaye. Abin ya yi mini daɗi ƙwarai, har na jingine kekena na shiga in kama musu ko da kwasar ciyawa ce. Da na nufi gindin katanga in zubar da ciyawar da na rungumo, sai na ga tuli biyu. Ɗaya na ƙaya da busasshen haki ne, an cinna mishi wuta. Ɗayan kuwa tarkace ne: tsofaffin kwanoni, bakin tulu, guntun turmi, murfin tukunya, ruwan kalmen noma, har da takalmin roba na yaro. Can gefen tulin na hangi wani shuɗin kwano mai ɓamɓararren baki. Na ɗauko na juya shi, na ga hudar da na yi mishi da ƙusa a gindi don kada wani ya yi sha'awarsa ya ɗauke. Kwanon mahaifiyata ne, wanda na kifa a kan kabarinta.

Na wuce kusurwar kudu, inda ake binne mu baƙi. Sai na tarar an yi aiki mai kyau. An cike inda ya rufta, an ɗaga inda ya kwanta, an bi da manjagara an share. Tumfafiyar da nake tsayawa kusa da ita ma an tuge ta. Kaburbura sun jeru iri ɗaya, babu wanda ya bambanta da ɗan'uwansa. Na daɗe a tsaye da kwano a hannu, ban san inda za ni mai da shi ba.

Ban ɗaga murya ba, don wurin ba na ɗaga murya ba ne. Na nemi wanda ke jagorantar aikin a ranar, Malam Shehu mai koyarwa a firamare, na nuna mishi kwanon, na faɗa mishi ko mi ne ne. Na ga yadda fuskarsa ta canza. Ya riƙe hannuna ya ce, "Wallahi, ɗan'uwa, shara munka zata." Nan take ya tsai da aikin, shi ya sa layin ƙarshe na jikin katanga ya tsira da alamunsa. Ya yi mini alkawarin zai kai maganar wurin taronku. Jumma'a ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ban ji komi ba. Na je ofishinku na iske shi a kulle, an ce kun tafi kai marasa lafiya Sakkwato. Na san ba zaune kuke ba. Dalilin da ya sa na rubuta a fili shi ne abin ba ni kaɗai ya shafa ba, kuma da yawa cikin waɗanda ya shafa ba su ma ji ba tukuna.

Na farko, godiya, don ita ce ta fi yawa a bakina. Lokacin da munka shigo garin nan anka sauke mu a ajin makaranta, ba mu zo da komi ba sai abin da hannu ya iya ɗauka. Inna abin da ta rarumo shi ne zanenta da kwanon nan. Kowace safiya yaranku ke zuwa da bokitin kunu, su bi aji aji, kuma na lura tsofaffi suke fara zuba ma. Ku kunka kawo tabarmi da gidan sauro. Ku kunka yashe rijiyar bayan makaranta da ta daɗe ba a sha. Da ciwo ya kwantar da Inna anka ce tana bukatar jini, nawa bai yi daidai da nata ba, mutum biyu cikinku sunka miƙa hannu, ba su san ta ba, ba su ko tambayi sunan ƙauyenmu ba. Ɗayansu har ya dawo washegari da lemu a leda ya duba ta. Ta sa mishi albarka har ya ji kunya ya fita.

Da Allah ya karɓi abinsa, ba ni da ko kalmen da za ni haƙa rami. Wana Ummaru, wanda shi ne babba, shina can Agadas wurin fataucinsa, hanya ba ta biyuwa. Ku kunka kawo likkafani, ku kunka yi haƙa, ku kunka sari itacen rufi. Da anka zo sa ta, liman ya tambayi ina 'yan'uwa, sai ni kaɗai na matso. Wani yaronku mai suna Nura ya cire takalmi ya sauka tare da ni, munka karɓe ta. Wanda ya yi maka haka ba ka da bakin zaginsa. Duk wanda ya karanta wagga takarda ya ɗauka faɗa nake da ƙungiya, bai fahimce ni ba. Ko ranar gayyar, ciyawar da kunka cire ta kai gwiwa, an sha ganin maciji a cikinta, mutane sun fara jin tsoron kai gawa can ciki.

Na biyu, ina son in bayyana abin da ya sa kunka ga kwanoni a kusurwarmu ba ku gan su a sauran wurin ba. Ku 'yan gari kowane gida ya san sashensa. Wane kakanninsa na gindin aduwa, wane nasu na kusa da ƙofa, ɗa ya gada daga uba, ba a bukatar alama. Mu ba mu da sashe. Wanda ya riga mutuwa shi ke riga samun wuri, mutumin Tsamaye kusa da na Unguwar Lalle, tsohuwa kusa da jariri, ba dangin iya ba na baba. Ƙasar nan kuma rairayi ce, sai ka yi yawo ba ka tsinci dutsen kirki ba. Shi ya sa kowa ke ɗauko wani abu na mamacin, abin da idonsa ba zai ɓata ba, ya aza a wajen kai. A ƙauyukanmu haka munka taso munka gani. Yaron da ya girma a cikin gari in ya ga tsohon kwano a ƙasa, ba abin da zai zo mishi sai bola. Ban ga laifin idonsa ba. Abin da ya yi mini ciwo shi ne ba a tambayi kowa ba kafin a sa hannu, alhali muna nan cikin gari, kun san inda muke kwana.

Na uku, na ji wata magana tana yawo a tasha, wai wasu cikinku sun ce dama aza kwano a kabari ba addini ba ne, gara da anka kwashe. Ban tabbatar daga bakin wa ta fito ba, ba kuma za ni ɗora ma kowa ba. Amma ta dame ni, har na je na sami malamin da ke ba mu karatu bayan Magariba na tambaye shi. Ya ce mini gini da ado a kan kabari ne anka hana, sa alama don mutum ya gane nasa ya yi mishi addu'a ba laifi. Mu ba mu zuba komi a kwanonin nan, ba mu roƙon komi wurinsu, a kife ma suke. In akwai wata alama da ta fi dacewa, a nuna muna, za mu bi. Amma a fara gano mai wuri tukuna.

Na huɗu, abin da ya hana ni ci gaba da jira. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da maraice. Yanzu tudun kowane kabari a fili yake saboda gyaran da kunka yi, amma ƙasar sabuwar ɗagawa ce, ruwan farko mai ƙarfi zai kwantar da ita. Daga nan ko wanda ya tuna layi ba zai iya ƙirga ba. Masu haƙa kuma da alamun nan suke gane inda akwai mutum, ina tsoron ranar da za a sa diga a inda bai kamata ba. Ban da wannan, masu sayen gwangwan sun gano tulin, sun fara tsince na ƙarfe.

Sai kuma nawa na kaina. Ummaru ya bugo waya ya ce shina tafe kafin shuka. Bai ga ciwon Inna ba, bai ga gawarta ba, bai samu sallarta ba. Tun rasuwar, duk wayar da za mu yi sai ya ce in ya zo, kafin ya sha ruwa, in kai shi wurinta. Ban faɗa mishi abin da ya faru ba, na kasa. Wani abokin aikina ya ba ni shawara in kifa kwanon a kan kowane kabari, wai ai addu'a tana isa ko daga ina, Ummaru kuma ba zai sani ba. Gaskiya ne addu'a tana isa. Amma ba za ni tsai da wana a kan uwar wani in ce mishi ga tamu ba, kuma ba za ni ƙwace ma wani wurin nasa ba. Akwai kaburbura uku ko huɗu da zuciyata ke kai da kawowa a kansu, ni kaɗai ba ni iya yankewa.

Don haka ga abin da nake roƙo, ya Shugaba.

Ku sa rana kafin ruwa ya sauka, ku sa a yi shela a masallatan Jumma'a na nan da na Isa, don wasu cikinmu sun koma can. Duk mai mamaci a kusurwar kudu ya zo.

Ku zo da yaranku da sunka yi haƙa. Yawancin kaburburan nan hannunsu ne, kuma bi da bi anka yi su. Na tuna kwana kaɗan kafin Inna an binne wani tsoho mai gyaran rediyo, ita ce ke bi mishi. In danginsa sun gane nasu, na gane nawa. Nura zai iya tuna ta wane gefe munka sauka. In kowa ya kawo ɗan abin da ya riƙe, layi zai tashi.

Wanda ya ɗauki hoto a wayarsa kafin a fara aiki, don na san kuna ɗauka, kada ya goge, ya zo da shi.

A kwashe tulin nan a kai ɗakin ajiyar makara a kulle, kafin ya ƙare.

Wanda anka yi iya ƙoƙari ba a gano nasa ba, a faɗa mishi gaskiya, a ba shi haƙuri baki da baki. Ko ni ne, za ni karɓa, za ni kuma faɗa ma Ummaru yadda abin yake. Nan gaba kuma in za a yi gayyar maƙabarta, a kira mutum ɗaya cikinmu ya shiga gaba. Ni na ba da kaina, in kuna karɓar wanda bai yi nisa a boko ba, ku rubuta ni cikin masu tura baro.

Allah ya saka muku da alheri a kan abin da kunka yi muna, wanda munka gani da wanda ba mu gani ba. Allah ya tsare ku a hanyoyin da kuke bi da marasa lafiya, ya jiƙan iyayenku, ya sa ranar da za ku kwanta a sami masu sauka su karɓe ku kamar yadda kunka yi ma namu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya kowa ya koma gonarsa.

Abin da na faɗa ba ni kaɗai na gani ba. Malam Shehu shina wurin, na kuma san ba zai musa ba. Akwai Hali mai shayi na bakin ƙofar maƙabarta, shi ya lura mini da keke. Akwai Tukur direban motar Isa, da ya tsaya ya ba yaranku ruwan leda. Sai Baba Jaɓɓi, mutumin Unguwar Lalle, wanda jikokinsa biyu ke kwance a kusurwar nan. Shi har yau bai tsinci alamar ko ɗaya ba. In kuna nemansa ba sai kun je masaukinsa ba, kullum da safe shina zaune a gindin katanga da sandarsa, shina korar masu gwangwan daga tulin.

Wassalam.

Naku mai godiya,
Hamisu Bawa, mai faci,
Bakin tasha, Sabon Birni.