A Sake Ƙirga Bugun Zuciyata a Zauren Baffa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Mashkura 'yar Baffa Idirisu, fitilar Limawa, nunannen dabinon Dutse wanda tsuntsaye ke faɗa da mai gona a kansa, ruwan sabuwar randa a tsakiyar bazara, ƙamshin ƙasa ranar da aka yi ruwan farko. Ke ce inuwar tsamiya ga wanda rana ta gasa, ke ce kuma ƙayar da ke ɓoye a gindinta tana jiran ƙafar bawan Allah. Ina gaishe ki gaisuwar mai ƙauna, ina kuma gaishe ki gaisuwar mai jin haushi, don kuwa duka biyun suna cikin ƙirjin nan, kuma yau sai kin karɓi rabonki daga kowanne.

Kin tuna Sallar layya ta bara, ya ke mai gajeren tunani da dogon wuya? In kin manta, ni ban manta ba. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a Baffa ya hana zancen ƙofar gida, ya ce sai a zaure, da rana, kowa a tabarmarsa. Na zo cikin sabuwar shadda, na ƙoshi da soyayyen nama, na zauna nesa da ke kamar mai jiran a yi masa shari'a. Na faɗa miki maganar da nake faɗa miki kullum, cewa zuciyata tana kaɗa miki kalangu ba dare ba rana. Ashe yayanki, Yaya Abdurrahim, wanda ke aikin asibiti a Miga ya zo gida hutun Sallah, yana soron ciki yana jinmu. Ya fito yana murmushi, ya ce in kawo hannu ya ji wannan kalangu da kunnen yatsunsa. Ya ɗora yatsu biyu a tsintsiyar hannuna, can ƙasan babban yatsa, ya zuba wa agogonsa ido. Ni kuwa ina ta washe baki, na ɗauka shaida zai ba ni.

Me ya ce? Ya ce saura ƙiris bugun zuciyata ya cika ɗari a minti guda, ga ni a zaune ban ɗauki ko tsinke ba. Ya ce wannan ba so ba ne, kitse ne. Ya ce mutumin da ya wuni a bayan teburin shayi yana shanye ragowar madara da ƙwai, zuciyarsa kamar mai jan ruwa da ƙaramin guga ce wanda aka ba shi garken shanu ya shayar: sai ya yi ta jefawa yana ja, yana jefawa yana ja, ba hutu. Mai motsa jiki kuwa gugansa babba ne, ja ɗaya ya isa, sai ya tsaya ya huta. Kafin in haɗiye wannan, sai ga Muntaka ɗan ƙwallo ya yi sallama da ledar toshinsa, siriri kamar karan dawa. Shi ma aka kama hannunsa, aka ce hamsin da 'yan kai, zuciyar doki.

Duk wannan zan iya yafewa. Yaya Abdurrahim gaba yake da ni, kuma aikinsa ya yi. Amma dariyarki fa, Mashkura? Dariyar nan da ta fito kamar an ɓare bakin famfo, har kika dafe bango, har kika share hawaye da gefen hijabi! Wa ya ce ki sa mini suna Randa? Kafin a gama cin naman Sallah, yaran Limawa sun haddace shi fiye da yadda suka haddace allunansu. Tsoho mai furfura ya zo teburina ya ce Randa ya zuba masa shayi ban da siga. Ni Tasi'u, wanda ya taɓa ɗaure wa mai gadin kasuwa takalmansa biyu a jikin benci yana gyangyaɗi, ni da duk unguwa ke tsoron tsiyata, yarinya ɗaya ta mai da ni abin wasan yara da kalma guda. A ranar na yi rantsuwa sai na rama, kuma ba ramuwar gaggawa ba, irin wadda ake dafawa a hankali kamar ganda.

To, ji yadda na yi. Ban yi boko ba, allo na sani, amma carbi ya iya lissafi. Bayan sallar asuba sai in zauna a masallaci har numfashina ya kwanta, in ɗora yatsu inda yayanki ya ɗora, in kalli siririn hannun agogon bango, duk bugu ɗaya in ja ƙwaya ɗaya. Da farko, kafin hannun nan ya zagayo, na cinye carbin nan kakaf har na taɓo limaminsa, dogon nan na ƙarshe. Malam Liman ya ga na daɗe ina jan carbi ido a sama, ya yaba mini a gaban jama'a, ya ce samari su yi koyi da ni. Kunya ta sa na riƙa haɗa kowane bugu da istigfari, don kada yabon ya zama na banza.

Daga masallaci sai duwatsu. Kin san manyan duwatsun nan da suka ba garinmu suna, waɗanda kike hangowa daga bayan gidanku. Ranar farko ban kai rabi ba na zube a kan wani falale ina haki kamar tunkiyar da aka koro daga gona, zuciyata kamar za ta fito ta baki, wasu awaki suna kallona da raini irin naki. Na koma washegari. Na sake komawa. Na daina shanye ragowar madara, na rage siga, na bar malmalar tuwo ta biyu a kwano tana harara ta. Na sallami mai kawo mini ruwa, na riƙa ɗaura jarkoki a keke ina tuƙowa da kaina. Wata guda ya wuce carbi bai nuna mini komai ba, har na kusa cewa yayanki maƙaryaci ne. Sai da damina ta yi nisa na ga hannun agogo ya zagayo alhali da sauran ƙwayoyi a hannuna. Ranar nan na yi dariya ni kaɗai a kan dutse har wani mai kiwo ya canza hanya.

Inna ta ga zariyar wandona tana ƙara tsawo, ta ga ina fita da sassafe ina dawowa jiƙe da gumi, ta tabbata an yi mini sammu. Rubutun da na sha a watannin nan zai cika tulu. Na sha ban musa ba, don ba siga a cikinsa.

Yau kuwa, ya ke barewar da ba ta san maharbi ya koyi gudu ba, in na zauna na huta, carbina yana tsayawa ne a shaida ta biyu. Kashi biyu cikin uku ke nan, kashi guda na zubar da shi a kan duwatsu tare da tumbin da kika yi wa dariya. Zuciyata ta daina kalangu, yanzu tafiya take irin ta raƙumi, ɗaya bayan ɗaya, ba ta roƙon kowa.

Wannan rabin ramuwar ce. Ɗaya rabin yana wajen Muntakanki, zuciyar doki. Ban zage shi ba, ban yi masa ƙazafi ba, Allah shaida ne ko harara ban yi masa ba. Abota na kama da shi. Na ce ɗan ƙwallo irinsa bai dace ya sha shayi tsura ba, na riƙa zuba masa madara har cokali ya tsaya, ƙwai huɗu, burodi da bota ciki da waje. In ya ce ya ƙoshi sai in ce ai ƙarfi ake nema. Sannan na haɗa shi da wani mai babur ya ba shi acaɓa, don na ga tausayin ƙafafunsa da ke yawo a ƙasa. Yanzu ko masallacin ƙofar gidansu a kan babur yake zuwa. Filin ƙwallo ya manta kamanninsa. Kin lura da rigarsa kwanan nan, yadda maɓallan ke neman agaji? Shekaranjiya babur ya mutu masa a hawan nan na hanyar kasuwa, ya tura shi 'yar tazara kaɗan, ya iso teburina yana huci kamar zugazugi. Na ba shi benci, na yi masa fifita, na ƙara masa ƙwai. Duk madarar da na hana kaina tana jikinsa, ko cokali ɗaya bai zube ba. Tumbina bai ɓata ba, Mashkura, gida kawai ya sauya.

Saura ke. Labari ya iso ni cewa kin zauna cikin ƙawayenki kina taƙama, wai Tasi'u ya rame ne saboda sonki, wai begenki ya hana ni cin abinci. Ƙawarki Huseina ce ta faɗa wa ƙanwata, kada ki tsaya musu. To, yau zan mayar miki da maganar zauren nan da ƙwaryar da aka auna mini: wannan ba so ba ne, dutse ne. Keke ne da jarka. Yaya kika ji? Da daɗi a ce wa mutum abin da yake taƙama da shi ba shi ba ne?

Kaico, ina ma a ce a nan zan ajiye alƙalami in tafi da nasarata.

Ranar Juma'ar da ta wuce ina zaune a bayan teburina da hantsi, ban hau dutse ba, ban sha shayi ba, ba zazzaɓi, ba abin da ya tsorata ni. Sai ga ki kin ɓullo daga lungu da shuɗin hijabi, kina tafe kamar reshen dabino a iskar damina. Ko kallona ba ki yi ba. Na ce bari in gwada doguwar wahalata, na ɗora yatsu, na jawo carbi, na kalli agogon da na rataye a rumfa. Mashkura, hasken idona, sanyin haƙarƙarina, na wuce shaida ta farko, na wuce ta biyu, na taɓo liman na sake kamo wani zagayen, hannun agogo bai gama nasa ba. Raƙumin nan da na yi shekara ina horarwa ya tsinke igiya saboda wucewarki kawai. Na ji haushi ƙwarai. Sai daga baya na gane ashe babban makamina ne Allah ya miƙo mini. Bara an ce kitse ne. To, ina kitsen yake yanzu? Wa za a ɗora wa laifi?

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba roƙo ba ne kaɗai, haƙƙina ne. Na ji Baffa ya ce bayan Sallar layyar nan ki faɗi wanda zai turo magabatansa, ni ko Muntaka. Kafin ki buɗe baki, ina son a sake zama a zauren nan, a kan tabarmin nan, Yaya Abdurrahim da agogonsa. A kira Muntaka, in zauren zai ɗauke shi. A fara ƙirga bugun zuciyarmu kina cikin gida, a bar mu mu huta tukuna, kada a ba kowa shayi. Sannan ki fito da kofin ruwa, ki tsaya a bakin ƙofa, kada ki ce komai, a sake kama hannuna. In yayanki ya ga abin da na gani ranar Juma'a, sai ya faɗa wa Baffa da bakinsa sunan wannan ciwo, tunda shi ne masani. Ke kuma ki janye Randa a gaban waɗanda kika faɗa.

Kada ki ba Muntaka abin da na hau dutse dominsa. Shi ya samu zuciya mai natsuwa ya sayar da ita a kan ƙwai da bota. Ni na samu mai gaggawa na zauna na hore ta, ta bi umarnina a kan komai, ke kaɗai ce ta ƙi ji a kanki. Wanne ne zai riƙe ki in tafiya ta yi tsawo? In kika ambaci sunansa, ba zan yi kuka a gaban kowa ba, amma ban san me zan yi da duk asubahin da suka rage mini ba, don ban taɓa taka dutsen nan ba tare da na kira sunanki a zuci ba, wani lokaci da zagi, wani lokaci da addu'a.

In kuwa kika ambaci nawa, to ki sani ramuwata ba ta ƙare ba, ajiye ta na yi. Yau Shari'a da sandar Baffa sun tsaya tsakanina da hannunki, ko inuwarsa ba na taɓawa. Amma ranar da aka shafa fatiha aka kawo ki ɗakina, 'yan rakiya suka watse, kafin in ce miki sannu da zuwa zan kama tsintsiyar hannun nan mai lalle, in ɗora yatsu biyu, in jawo carbina. In na ji zuciyarki tana gudu, kuma na san za ta yi gudu, zan dube ki ido cikin ido in ce wannan ba so ba ne, tuwon biki ne. Sannan in yi dariya har in dafe bango. Daga nan mun yi daidai, sai zaman lafiya.

Ki gaishe da Yaya Abdurrahim, ki ce ya sa wa agogonsa sabon batir.

Ni ne naka da ba shi da wata, a shaida ta biyu in ba kya nan, a bayan liman in kin gifta, har ranar da carbin zai tsaya gaba ɗaya,

Tasi'u mai shayi, wanda a da ake kira Randa.